Motar Ƙarfe Biyar

Landan, watan Yuni

Talata

Yau ƙaramar hukumarmu ta fitar da rahoton jami'inta kan buƙatar babban kantin da ke bayan gidanmu. Ƙa'ida ce a Ingila a fitar da takardun zaman kwamiti kwanakin aiki biyar cikakku kafin ranar zama, wato Larabar makon gobe za a yi ta ta ƙare. A jirgin ƙasa na karanta shi, kan hanyar dawowa daga aiki. Shawarar jami'in a shafin farko take: a amince.

Duk rigimar a kan layi biyu ce. Lokacin da aka ba da izinin gina kantin an gindaya sharuɗɗa, ɗaya daga cikinsu ya hana kawo kaya ko sauke su kafin ƙarfe 7 na safe da bayan 10 na dare, ranar Lahadi kuma sai tara ta yi. A ƙasa an rubuta dalili: kare zaman lafiyar maƙwabta. To yanzu kamfanin na so bakwai ɗin nan ta koma biyar, Litinin zuwa Asabar. Tun 1947 mallakar fili a ƙasar nan ba ta ba mutum ikon gina abin da ya ga dama. Sai da izini, izini kuwa da sharuɗɗansa yake zuwa. Amma sashe na 73 na dokar tsara birane da karkara ta 1990 ya ba mai izini damar dawowa ya nemi a sassauta masa sharaɗi. Kwamiti sharaɗin kaɗai zai duba, ba zai sake tada zancen ko ya dace a yi kanti a wurin ba.

Benenmu hawa huɗu ne. Fuskarsa na kallon babban titi, bayansa na kallon farfajiyar da kantin ke sauke kaya, katanga ɗaya ce tsakani. Wanda ya zana ginin ya mayar da ɗakunan kwana duka baya don a guje wa ƙarar titi. A lokacin babu kanti.

Na karanta wa mai ɗakina shawarar tana shirin fita aikin dare a asibiti. Ko ɗago kai ba ta yi ba daga ɗaure takalmi. "Malam, ai dama biyar ɗin suke zuwa. Takarda ce kawai za ta bi sawunsu."

Laraba

A watan Yuni daren Landan gajere ne ƙwarai. Isha'i sai wajen sha ɗaya saura, asuba kuwa wajen uku ta shigo. Barcin musulmi ya rabu biyu ke nan, kuma rabin da ke bayan asuba shi ne na kirki, da shi jiki ke dogara har yamma. Ga zafi. Gidajen nan don su riƙe ɗumi aka gina su, in ka rufe taga sai ka jiƙe da gumi. Kowa tagarsa a buɗe take.

Yau ban koma barci ba, na zauna bakin taga in ga abin da kunnena ya daɗe da haddacewa. Biyar saura kaɗan motar ta iso ta tsaya a bakin get. Direba ya kashe injinsa, amma injin sanyin da ke goshin tirelar bai daina ƙugi ba, madara da nama ba sa jira. Ƙugin ba wani mai ƙarfi ba ne, sai dai a ƙirji ake jin sa, gilashin taga har rawa yake. Wani ya fito ya ja sarƙar get. Sai ribas, ƙit, ƙit, ƙit, har motar ta daidaita. Birki ya saki iska. Ƙofar ƙarfe ta naɗe sama. Daga nan faifan ƙarfen da ke bayan motar ya shiga saukowa da keji biyu-biyu, yana taɓa ƙasa ka ji gwaram. Kejin nan tsayin mutum ne, tayoyinsu ƙanana, ana tura su a kan simintin da ya farfashe, kowane tsagi da ƙararsa. A bakin ƙofar sito akwai ɗan tudu, nan kowanne ke cin karo. Masu kaya ma da sauƙi. Na jiya da aka juye, waɗanda ake cusa wannan cikin wancan a turo su a jere a mayar mota, su ne masu tada yaro. Daidai lokacin jaririn hawa na uku ya tsala kuka.

Mutum uku ne ke aikin, ba mai ihu, ba mai wasa. Shida saura sun gama, get ya rufe. Rana ta riga ta fito, amma a lissafin hukuma dare ne har yanzu, don darenta daga sha ɗaya yake zuwa bakwai na safe.

Alhamis

Da yamma na sauka wurin dattijuwar da ke ƙasanmu, Baturiya, tsohuwar malamar makaranta, ta riga kantin zuwa unguwar. Ta buga rahoton ƙwararren da kamfanin ya ɗauko, ta bi shi da jan biro. Ta zuba mana shayi muka buɗe.

Ma'aunin da ake aiki da shi sunansa BS 4142. A auna yadda wuri yake in abin da ake ƙorafi a kai ba ya aiki, a auna ƙarar abin, a ga tazara. In ta kai kamar desibel 5, alamar cutarwa ce. In ta kai 10, cutarwa babba. Da dare minti goma sha biyar ake ɗauka a fitar da matsakaici, ana kuma ƙara maki, har zuwa 9, in ƙarar mai dukan kunne ce farat ɗaya. Ƙwararren ya yi lissafinsa ya ce tasirin kaɗan ne. Dattijuwa ta ɗora yatsa kan taswirar da ke ƙarshe. Ashe a gefen ginin da ke jin motocin babban titi aka kafa na'urar auna shirun unguwa, ba a baya inda muke kwana ba. In ka ɗaga abin da ka kira ƙarar yau da kullum, tazara ta ragu ke nan, ba ka kuma yi ƙarya ko ɗaya ba.

Ni matsakaicin ne ya tsaya mini a rai. Mai barci gwaram ɗaya ke tada shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta san haka, shi ya sa a jagoranta na 1999 ta ba ɗakin kwana adadi biyu: desibel 30 a matsakaicin dare, da 45 ga ƙara guda mai wucewa. Na biyun shi ne namu, rahoton kuwa a gurguje ya wuce ta kansa.

Sai muka koma rahoton jami'in, inda ya ce an daɗe ana kawo kaya da sassafe a wurin, ƙorafin da ya iso ofis kuwa kaɗan ne, abin da ke nuna bai dami jama'a sosai ba. Asalin abin kowa ya sani. Ranar 13 ga Maris 2020, da korona ta sa mutane suka wawashe kantuna har taliya da takardar bayi suka ƙare, ministan gidaje da ƙananan hukumomi, Robert Jenrick, ya nemi ƙananan hukumomi kada su matsa wa kantuna kan lokutan kawo kaya. A 2021 aka tsawaita saboda ƙarancin direbobin manyan motoci. Ba wanda ya ja, duk abinci muke nema. Sassaucin ya ƙare a takarda, motar kuwa ba ta koma bakwai ba. Sai da dattijuwar nan ta kai ƙara, sannan kamfanin ya shigo da wannan buƙata, aka jingine maganar hukunci har kwamiti ya zauna.

Ban da ita, ba wanda ya taɓa rubuta ƙorafi a benen nan. Mu an tashe mu a kan cewa maƙwabci sai haƙuri, mai neman abincinsa ba a tsangwamarsa, yawan kai ƙara ba halin mutumin kirki ba ne. Tarbiyya ce mai kyau inda wanda ka yi wa kawaici ya san ka yi, gobe ya ji nauyinka. Ofis ba ya ganin kawaici. Fayil ɗin da babu komai ciki, shi ne shaidarsa cewa lafiya lau ake zaune. An tattara haƙurin shekaru na mutanen benen nan an miƙa wa kwamiti a matsayin yardarmu.

Juma'a

Bayan an idar da salla na tsaya da Alhaji, dattijo ɗan zangon Kumasi, ya shekara da shekaru yana jan tirelar kayan abinci a garin nan, ba ta wannan kamfanin ba. Na zayyana masa ina sa ran ya taya ni. Ya saurara har na kai aya.

"Ɗana, ka taɓa shiga layinku da tirela ƙarfe takwas na safe?"

"A'a, Baba Alhaji."

"To ni na shiga irinsa. Yara na tsallakawa makaranta, uwa na tura keken jariri, masu keke na bi ta hagunka inda ido ba ya kai. Duk ranar da na yi ribas a irin wannan lokaci, hannuna rawa yake har in fita. Da biyar kuwa titi nawa ne."

Ya lissafa mini yadda ranar direba take. Awa huɗu da rabi na tuƙi, dole ka huta minti 45. Awa tara a yini. Na'ura na cikin mota tana rubuta komai, ba roƙo ba alfarma. Tafiyar da ba ta da nisa da asuba, da hantsi ta ninka a cunkoso, mai na ƙonewa, hayaƙin kuma mutanen unguwa ke shaƙa. Ga wata doka daban ta Landan tun 1985: motar da ta haura tan 18 ba ta bin yawancin titunan unguwanni daga tara na dare zuwa bakwai na safe, da kuma daga ƙarfe ɗaya na ranar Asabar har wayewar Litinin, sai da izini. Ga sharaɗin kowane kanti daban. Sai ka ga an turo motoci lokaci guda, a daidai sa'ar da gari ya fi cika. Ya ce lokacin wasannin Olamfik na 2012 an mayar da kaya da yawa dare, duniya kuma ba ta tashi ba.

Na ce to mu fa? Ya yi dariya. "Ƙarar da ke tada ku, rabinta ba ta direba ba ce. Simintin nan wa zai gyara? Tayoyin keji wa ke saya? Da akwai soket a bango in jona injin sanyi da lantarki, da ba ku ji ƙugi ba. Na kai kaya wuraren da mutum na barci a saman kaina bai san na zo ba. Kuɗi ne, ɗana. Ku tambaye su kuɗin, ku bar direba."

Maganar yara masu tsallaka titi ba ni da amsarta. 'Yata na cikinsu.

Asabar

Ni da dattijuwa muka bi ƙofa-ƙofa. Wa'adin kwana 21 na rubuta ra'ayi ya wuce, amma ana karɓar ƙari har gab da zama, a taƙaita wa kwamiti.

Waɗanda suka rubuta a kan lokaci yawancinsu masu gidan kansu ne a ɗaya ɓangaren titi, motar wucewa kawai take yi ta ƙofarsu. Waɗanda tagarsu ke saman farfajiyar 'yan haya ne. Wasiƙar ƙaramar hukuma ta zo ba suna a bayanta, "ga mazaunin gida" kawai, ta bi takardun talla zuwa kwandon shara. Uwar jaririn hawa na uku, 'yar Somaliya, ta ce tsoronta kada mai gidan haya ya ga sunanta a wata rigima ya ɗauke ta mai fitina. Na ce ba shi ake ƙara ba. Ta ce ta ji, amma dai. A ƙarshe babban ɗanta ya rubuta abin da ta faɗa, layi huɗu, ya fi duk namu kaifi: ta daina kwana a ɗakin kwana, ita da jariri a falo suke shimfiɗa.

Ba kowa ke tare da mu ba. Wani Bayarabe mai gadin dare ya ce shi da ma a sauke komai kafin ya dawo ƙarfe bakwai, ya samu ya runtsa. Wata yarinya a hawa na ɗaya a kantin take aikin jera kaya. Ta ce in mota ta zo bakwai, ana buɗewa kanta fayau, masu saye na tsallake keji, manaja kuma a kansu yake hucewa. Ba ta sa hannu ba, ba mu matsa ba. Wani kuma ya dage sai an rubuta cewa darajar gidansa za ta faɗi. Dattijuwa ta ce ya bar wannan, farashin gida ba ya cikin abin da kwamiti ke aunawa. Hayaniya, barci, haɗarin titi, su ake ji.

Lahadi

Yau ce ranar da benen ke barci. Dokar cinikin Lahadi ta 1994 ta taƙaita kantin da faɗinsa ya wuce murabba'in mita 280 ga awa shida tsakanin goma na safe da shida na yamma, namu kuwa ya wuce. Ƙarfe tara na Lahadi ba su taɓa karya ta ba. Ashe mota na iya bin agogo in an ga dama.

Gaskiya Alhaji ya faɗa, sauke kaya shiru abu ne da aka riga aka iya. A Holan tun 1998 gwamnati ta sa iyaka ga ƙarar lodi da saukewa da dare, daga nan aka samu shaidar PIEK: keji, injin sanyi, faifan bayan mota, kowanne sai an gwada shi bai wuce desibel 60 ba daga nisan mita bakwai da rabi. A Ingila ma an yi gwaji a wasu kantuna a 2010 da 2011, ma'aikatar sufuri ta fitar da jagora a 2014.

Kamfanin ya san duk wannan. Ya haɗo buƙatarsa da abin da ya kira tsarin kawo kaya cikin natsuwa, shafi biyu: a kashe rediyo, a rufe ƙofa a hankali, kada a ɗaga murya, a kashe injin sanyi in zai yiwu. Jami'in ya ce a cire ƙarfe bakwai a sa wannan a madadinta. Nan na ga inda za a yi mana sakiyar da ba ruwa. Ƙarfe bakwai, ɗan firamare ma na iya duba agogo ya ce an karya. "A hankali" fa, wa zai auna? Manufar tsare-tsare ta ƙasa da kanta ta ce sharaɗi sai ya cika abu shida, ciki har da zama fayyatacce da zama wanda za a iya tilastawa. Abin da ke shafi biyun nan duk halin ma'aikaci ne, ma'aikaci kuwa yau wannan ne gobe wancan. Babu layi ɗaya da zai ci wa kamfanin ko fam guda.

Litinin

Na samu jami'ar lafiyar muhalli a waya lokacin hutun rana, duba-garin unguwarmu ke nan. Ta ce ƙofa biyu ce, kowace da hanyarta. Ta farko ta sharaɗin gini: in an karya, sashen tsare-tsare na iya ba da takardar gargaɗi mai wa'adin aƙalla kwana 28, wanda ya ƙi bi sai kotun majistare. Amma su ke duba ko ya cancanta, ba dole ba ne a kansu. Ta biyu tata ce, dokar kare muhalli ta 1990: in ta tabbatar ƙara ta kai takura a idon doka, tana da ikon ba da umarnin dainawa ko da kwamiti ya yarda da biyar ɗin, sai dai ɗan kasuwa na da kariya in ya nuna ya bi mafi kyawun hanyar da za ta yiwu. Sashe na 82 na dokar ya ba mutum damar zuwa gaban majistare da ƙafarsa.

Na tambaye ta me ya sa ofishinta bai ƙi buƙatar ba. Ta ce da abin da ke gabanta take aiki: rahoton ƙwararre ɗaya, ƙorafi daga gida ɗaya. Ta turo mini takardar da ake cikewa: rana, lokacin farawa, lokacin gamawa, irin ƙarar, abin da ta hana ka. In takardu sun taru sai ta kawo na'urar ɗaukar sauti a ajiye a ɗakin kwana. Na gaya mata inda aka auna shirun unguwa. Ta yi ɗan jim, ta ce za ta sake duba taswirar.

Na yi rajistar yin magana jibi. Minti uku ne, na masu adawa baki ɗaya.

Talata

Mun taru a falon dattijuwa, aka ce ni zan tsaya. Na fara karanta abin da na rubuta, mai ɗakina na riƙe da agogon waya. Ta tsayar da ni ban kai ko'ina ba. "Malam, gaisuwa da godiya sun ci maka minti ɗaya. Ba ɗaurin aure ba ne. Ka faɗi sunanka, ka faɗi tagarka, ka shiga." Aka yi dariya, aka datse.

An ɗan ja kan abin da za mu nema. Wasu na cewa bakwai ko ba komai. Dattijuwa ta tuna musu cewa in kwamiti ya ƙi alhali jami'insa ya ce a amince, kamfani zai ɗaukaka ƙara, can kuma ba lallai mu samu rabin abin da za mu iya samu gobe ba. Muka tsaya a kan haka: a ƙi, in ba za a ƙi ba, to sai da abin da ido ke gani. A sake shimfiɗa farfajiya a kawar da tudun bakin sito. Soket na injin sanyi. Keji masu tayar roba. Ƙarar ribas mai shuu maimakon ƙit-ƙit. Mota ɗaya kafin bakwai, ba jira a bakin get. A gama waɗannan kafin sabon lokaci ya fara aiki. Izinin kuma na gwaji, shekara ɗaya.

Laraba

Zauren ƙaramar hukuma, ƙarfe bakwai na yamma. Kansiloli a gaba, jami'ai a gefe, mu a kujerun baya. Sai da aka gama da wani dogon bene da wani gidan abinci kafin a zo kanmu, tara ta gota.

Jami'in ya nuna taswira a bango, sannan ya karanta ƙarin takarda: jami'ar lafiyar muhalli ta ce wurin da aka auna shiru bai wakilci bayan ginin ba. Na ga wakilin kamfanin ya sunkuya yana rubutu. Aka kira ni, agogo a allo na ƙirgawa. Na faɗi tagata, na faɗi faifan ƙarfe da kejin da ba kaya, na karanta layi huɗun maƙwabciyata. Na ce fayil ɗinsu ba ya nuna wanda ke kwana a falo. Na jera buƙatunmu na zauna.

Wakilin kamfanin ya yi magana mai tsari: cunkoso, hayaƙi, 'yan makaranta, sabon kayan gwari a kanta kafin buɗewa. Kusan duk abin da Alhaji ya faɗa mini, sai dai ya tsallake maganar kuɗi. Wata kansila ta tambaye shi kai tsaye ko sun yarda su gyara farfajiya kafin a fara. Ya ce sai ya tuntuɓa. Ta ce shekara nawa suna zuwa da biyar ba su tuntuɓi kowa ba? Shugaban zama ya ce a tsaya kan batu.

Daga nan lauyar hukuma ta ja kunne. In aka ƙi ba da hujja mai tsayawa ba, kamfani zai kai gaban hukumar sufetocin tsare-tsare da ke Bristol, in an ga ƙin ba shi da tushe har kuɗin shari'a a ɗora wa ƙaramar hukuma. Wannan barazana ɓangare ɗaya ke da ita. Mai neman izini kaɗai ke ɗaukaka ƙara. Maƙwabci in an amince sai dai babbar kotu cikin mako shida, kan kuskuren doka kawai, da kuɗin da babu mai su a benenmu. Kowane kansila a wurin ya san wanda zai iya jan sa da wanda ba zai iya ba, ana kuma jin hakan a yadda suke tauna magana.

Abin da aka kaɗa ƙuri'a a kai a ƙarshe: ƙarfe shida, ba biyar ba, mota ɗaya kafin bakwai, a gyara farfajiya a sa soket kafin a fara, shekara ɗaya, in ta cika a koma bakwai sai in sun sake nema. Tayar roba da ƙarar ribas aka tura cikin tsarin natsuwa, wato an bar su ga hali. Ya wuce da ɗan rinjaye.

A bas ba mu yarda da juna ba. Mai maganar darajar gida ya ce an sayar da mu. Dattijuwa ta ce ta ga wanda ya fi wannan muni. Ni a lissafina, mun rasa awa ɗaya daga abin da takarda ta ba mu, mun samu awa ɗaya daga abin da ake yi mana a zahiri. Wanne zai tabbata, sai an ga ko wannan karon takardar za ta yi aiki.

Alhamis

Biyar da 'yan mintuna ta iso. Ba mamaki, mai tsara tafiyar motoci a defo ba a ce masa komai ba tukuna. A doka kuwa, har sai an gyara farfajiya an sa soket, tsohon sharaɗi ne ke aiki. Na cike layin farko na takardar: rana, lokaci, ƙugi, faifai, keji. A gurbin abin da ta hana ka na rubuta barci. Na haɗa da hoton farfajiyar mai ɗauke da lokaci na aika sassan biyu, aka ba ni lambar ƙorafi.

Na kira Alhaji na gaya masa yadda aka yi. Ya ce shida ba laifi, direba zai fita kafin yara su fito. Ya roƙe ni abu ɗaya: in za mu rubuta mu rubuta kanti, kada mu rubuta direba, don shi ake fara kora. Na ce in sha Allahu haka za a yi.

Baɗi warhaka za a koma zauren nan, jami'i zai buɗe fayil, abin da ya tarar ciki shi ne tarihin shekarar, ko ya dace da abin da ya faru ko bai dace ba. Da yamma muka raba takardun gida-gida, kowa da ranakunsa. Ɗan maƙwabciyata ya rubuta kan kowane gurbi da Somaliyanci don uwarsa. Bayaraben mai gadi, da bai goyi bayanmu ba, shi ma ya miƙo hannu ya karɓi ɗaya. Ya ce ta asuba dai tamu ce, amma akwai wata da ke zuwa da azahar daidai barcinsa ya yi nauyi, kejinta a kan simintin nan ɗaya suke bi, ita zai rubuta.